Shaida da takardu a shari'ar iyali: abin da mai zuwa kotu a Bauchi yake buƙatar sani

A shekarar 2023 an yi wa Dokar Shaida ta ƙasa gyara domin ta ƙara faɗaɗa matsayin bayanan da ake ajiyewa a na'ura, sannan a ƙarshen shekarar ta 2023 Gwamna Bala Mohammed ya sanya hannu a kan dokar kare haƙƙin yara ta Jihar Bauchi. Tun daga nan fahimta biyu suka bazu a tsakanin jama'a. Ta farko ita ce yanzu duk wata rigimar aure kotun iyali ake kai ta. Ta biyu kuma ita ce saƙon WhatsApp ko muryar da aka naɗa a waya sun wadatar, ba sai an wahalar da kai wajen neman shaidu ba. Dukansu biyun suna da ɗan ƙanshin gaskiya, amma wanda ya dogara da su ya nufi kotu zai iya rasa haƙƙin da yake nasa ne, domin ƙimar kowace hujja ta danganta ne ga kotun da aka kai ta, da kuma wanda nauyin kawo ta yake wuyansa.

Wace kotu ce, wace doka ce

Irin auren da aka ɗaura shi ke nuna ƙofar da za a shiga. Auren da aka ɗaura bisa shari'ar Musulunci, da duk abin da ya biyo bayansa na saki, hul'i, ciyarwa, riƙon yara, gado, wasiyya da kyauta, yana zuwa ne gaban kotunan shari'a, waɗanda suka maye gurbin kotunan yanki a Bauchi bayan ƙaddamar da shari'a a 2001. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta hurumi a kan waɗannan batutuwa. Auren rajista kuwa, wato wanda aka ɗaura a ƙarƙashin Dokar Aure a ofishin rajista ko a cocin da ke da lasisi, Babbar Kotun Jiha ce kaɗai take iya raba shi, bisa Dokar Ƙararrakin Aure ta 1970.

Kotun iyali abu ne dabam. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ce ta zo da ita, a matakin majistare da matakin Babbar Kotu, kuma aikinta ya shafi yara ne: yaron da aka ci zarafinsa, wanda aka yasar, wanda ake zargi da laifi, ko wanda ake jayayya a kan wani haƙƙinsa. Tsarinta ya hana shigar 'yan kallo da wallafa sunan yaro. Ba ita ce ke raba auren Musulunci ba, ba kuma ita ke raba gado ba.

Wannan bambancin yana da nauyi saboda sashe na 256 na Dokar Shaida ta 2011 ya cire ƙararrakin da ba na laifi ba a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da kotunan yanki da na gargajiya daga ƙarƙashin dokar. A irin waɗannan kotuna alƙali yana auna hujja ne da ma'aunin fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Tuhfa ta Ibn Asim da Mukhtasar na Khalil. Saboda haka gyaran 2023 ya fi shafar wanda ke gaban Babbar Kotu ko majistare, bai sauya adadin shaidun da alƙalin shari'a zai nema ba.

Wanda nauyin hujja ke kansa

Ƙa'idar da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Inda mutane suke kuskure shi ne zaton cewa mai da'awa shi ne wanda ya riga zuwa ya yanko sammaci. A wurin Malikiyya mai da'awa shi ne wanda maganarsa ta saɓa wa asali ko al'adar da aka sani, ko da kuwa shi aka kawo ƙara. Idan mace ta nemi bashin da ta ba mijinta, shi kuma ya ce ya karɓa amma ya biya, to ya riga ya yi iƙirari da bashin, kuma nauyin tabbatar da biyan ya dawo kansa. Iƙirari shi ne mafi ƙarfin hujja, yana ɗauke wa abokin shari'a wahalar kawo shaidu, don haka amsar farko da mutum ya ba alƙali tana iya yanke makomar shari'ar baki ɗaya. Baki shi ke yanka wuya, kuma mai zuwa kotu yana buƙatar ya tsara abin da zai faɗa, da ranakunsa da adadinsa, kafin ya tsaya gaban alƙali.

Adadin shaidu kuma ya bambanta gwargwadon abin da ake nema. Tabbatar da aure ko saki ko kome, wato mayar da matar da aka saka, yana buƙatar maza biyu adilai. Abin da ya shafi dukiya, kamar sadaki, bashi ko kayan ɗaki, yana tabbata da maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya namiji haɗe da rantsuwar mai da'awa, ko mata biyu haɗe da rantsuwar. Abin da a al'ada mata ne kaɗai ke gani, kamar haihuwa, shaidar mata biyu tana isa.

Akwai kuma tambayar wane ne zai tsaya. Uba ko uwa ba sa yi wa ɗansu ko 'yarsu shaida, ɗa ba ya yi wa iyayensa, miji da mata ba sa yi wa juna, kuma ba a karɓar shaidar wanda ke da sananniyar gaba da wanda yake ba da shaida a kansa, ko wanda zai amfana da hukuncin. Nan ne mata da yawa suke samun tangarɗa, domin mutanen da suka fi sanin halin da suke ciki, wato iyayensu, su ne waɗanda abokin shari'a zai soka nan take. Maƙwabci, limamin unguwa, mai unguwa, ko dattijon da ya taɓa zama sulhu tsakanin ma'auratan, sun fi amfani a gaban alƙali fiye da dangi na jini, kuma kowannensu abin da ya gani ko ya ji da kansa zai faɗa.

Wurare huɗu da rubutu ke sauya sakamako

A ɗaurin aure ana jin wakili yana cewa an biya sadaki lakadan ba ajalan ba, amma ba kowane aure ne haka ba. Idan aka yi jayayya a kan ko an biya sadakin da lokacinsa ya yi, kafin tarewa maganar matar ake ɗauka tare da rantsuwarta, bayan tarewa kuma maganar mijin ake ɗauka tare da rantsuwarsa, domin al'ada ta nuna mace ba ta tarewa sai an biya. Malamai sun keɓe yanayin da akwai rubutaccen bashin sadakin a hannun matar. Wato takarda guda da waliyyi da wakilin ango da shaidu suka sa wa hannu ranar ɗaurin aure tana iya juya hukuncin shekaru bayan haka. Takardar shaidar aure da masallaci ko kotu ke bayarwa ba ita ce ke halatta auren ba, amma tana adana rana, adadin sadaki da sunayen shaidu, waɗanda a lokacin rigima wasunsu sun rasu, wasu sun bar gari.

Kayan ɗaki suna yawan jawo doguwar jayayya bayan rabuwa. Ƙa'idar ita ce, idan babu hujja, abin da aka san na mata ne ana bai wa matar da rantsuwarta, abin da aka san na maza ne ana bai wa mijin da rantsuwarsa, abin da kowannensu zai iya mallaka kuma mijin ake bai wa da rantsuwarsa, domin gidan nasa ne. A zamanin da jere ya ƙunshi firiji, talabijin, janareta da kujeru, wannan kashi na uku ya faɗaɗa ƙwarai. Matar da iyayenta suka saya mata firiji, ko ta saya da kuɗin adashinta, za ta iya rasa shi idan ba ta da rasit mai ɗauke da sunanta, ko matan da suka yi jeren suka ga an shigo da shi, ko jerin kayan da aka rubuta aka ba dangin ango kwafi. Mijin da ya sayi kaya da kansa shi ma yana da irin wannan buƙatar. Rubuta jerin kayan jere ranar da aka yi shi ba nuna rashin yarda ba ne.

Ciyarwa tana da wata ƙa'ida da mutane kaɗan suka sani. Idan miji ya yi tafiya, ya dawo ya ce yana aikowa da kuɗi, matar ta ce ba ta ga komai ba, to sanannen ra'ayi a mazhabar shi ne ana ɗaukar maganarta ne daga ranar da ta kai kuka gaban alƙali. Abin da ya gabaci wannan ranar maganar mijin ake ɗauka da rantsuwarsa. Matar da ta yi shekara biyu tana haƙuri tana faɗa wa maƙwabta kawai, ba ta kai maganar kotu ba, ta raunana da'awarta ba tare da ta sani ba. A ɗaya ɓangaren, mijin da ke aikowa ta banki ko ta mai POS ya kamata ya riƙe shaidar turawar, kuma ya tura ta asusun matar, domin kuɗin da aka ba direba ko ƙanin miji ya kai yana da wuyar tabbatarwa.

Na huɗu shi ne saki. Idan mace ta ce an sake ta mijin ya musa, kuma ba ta da shaida ko ɗaya, ba a ma ɗora masa rantsuwa a kan da'awar kawai. Idan ta kawo shaida ɗaya, sai ya rantse. Aya ta 2 ta Suratuɗ Ɗalaƙi ta yi umarni da kafa shaidu biyu adilai, kuma hikimar hakan tana bayyana a kotu kullum. Takardar saki mai amfani ita ce wadda ta ambaci sunan matar, adadin sakin, ranar da aka yi shi, da sa hannun mijin da na shaidu. Ranar tana da muhimmanci domin daga ita ake lissafin idda, kuma daga iddar ne ake sanin ingancin kome, da ciyarwar da ke kan mijin, da ko matar za ta ci gado idan ya rasu a tsakani.

Cutarwa a bayan ƙofa

Mafi wuyar tabbatarwa shi ne abin da ke faruwa a cikin ɗaki. Ƙungiyoyin kare haƙƙin mata suna cewa neman shaidun gani da ido a kan duka ko zagi yana tilasta wa mace ta koma ga hul'i, ta mayar da sadaki, alhali ita aka cuta. Masana fiƙihu kuwa suna amsawa da cewa mazhabar Malikiyya ita ce ta fi buɗe ƙofa a nan: ta yarda alƙali ya raba aure saboda cutarwa, ta yarda a tabbatar da cutarwar ta shaidar ji, wato maƙwabta su shaida cewa labarin ya yaɗu a tsakaninsu daga mutanen kirki da waɗansunsu, ta kuma ce matar da ta fanshi kanta sannan ta tabbatar da cutarwa ana mayar mata da kuɗinta. Idan hujja ta gagara kuma ƙorafin ya yi ta maimaituwa, akwai naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga dangin kowane ɓangare, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tanada.

Idan aka duba da kyau, saɓanin bai wuce batun aiwatarwa ba. Ƙofofin suna nan a littafi, amma matar da ba ta san da su ba ba za ta nemi a bi ta cikinsu ba. Abin da ke hannunta shi ne ta je asibiti a ranar da abin ya faru, ta tabbatar an rubuta raunin a katinta, ta sanar da mai unguwa ko hisba ko ofishin 'yan sanda domin a samu rubutaccen tarihi mai rana. Rahoton likita yana tabbatar da cewa an ji rauni, ba ya tabbatar da wanda ya ji shi, don haka ƙarfinsa yana fitowa ne idan ya haɗu da shaidar maƙwabta. Mijin da ake zargi shi ma yana da haƙƙin ya soki shaidun ya kawo nasa.

Waya a gaban alƙali

A Babbar Kotu da kotun majistare, saƙon waya, hoto, bidiyo da bayanin asusun banki da aka buga daga kwamfuta suna bin sashe na 84 na Dokar Shaida, wanda ke neman a nuna cewa na'urar tana aiki daidai, galibi ta takardar tabbaci da ke bayyana na'urar da yadda aka fitar da bayanin. Kotun Ƙoli ta nuna muhimmancin wannan a shari'ar Kubor da Dickson ta zaɓen gwamnan Bayelsa, inda takardun da aka buga daga intanet suka faɗi saboda ba a cika sharuɗɗan sashen ba. Hoton fuskar waya da aka buga a shagon kwamfuta aka kawo haka kawai yana iya gamuwa da irin wannan ƙaddarar.

A kotun shari'a kuwa, saƙon waya yana zama alama ce mai ƙarfafa magana. Babban amfaninsa shi ne a nuna wa wanda ya aiko a tambaye shi. Idan ya amsa cewa shi ne, ya zama iƙirari, magana ta ƙare. Idan ya ce wani ne ya ɗauki wayarsa, to an koma neman shaidu. Masu son a ba wa irin wannan hujja cikakken ƙarfi suna cewa rayuwar ma'aurata ta koma cikin waya, har saki ta nan ake aikowa. Masu taka-tsantsan suna nuna sauƙin goge wani ɓangaren hira, sauya sunan da aka ajiye lamba da shi, ko ƙirƙirar murya da manhaja. Duka ɓangarorin sun haɗu a kan abu ɗaya mai amfani ga mai ƙara: a ajiye wayar da saƙon ya shigo cikinta, kada a goge komai na hirar, kuma a bar lambar da ranar suna bayyane. Buɗe wayar miji ko mata a ɓoye domin kwaso hujja yana da nasa haɗarin, domin sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya kare sirrin sadarwa, kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta kutse.

Gwajin jini na tabbatar da uba ma yana cikin abubuwan da ake ɗora wa fata fiye da kima. A shari'ar Musulunci ɗan da aka haifa bayan wata shida da tarewa na mai shimfiɗa ne, wato mijin, kuma hanyar kore shi ita ce li'ani, wato rantsuwar tsinuwa tsakanin miji da mata, ba takardar ɗakin gwaji ba. Babbar Kotu tana iya karɓar sakamakon gwajin, amma ita ma tana farawa ne daga zaton cewa ɗan da aka haifa cikin aure na mijin ne.

Yara da gado

A riƙon yara, Malikiyya ta fifita uwa, sannan kakar wajen uwa, kuma riƙon yana kaiwa har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan mijinta, yayin da ciyarwa take kan uba. Wanda ke son a karɓe yaro daga hannun mai riƙo shi zai kawo dalili, kamar auren uwar da wanda ba muharramin yaron ba, ko sakaci da ya tabbata. A Babbar Kotu, sashe na 71 na dokar 1970 ya sa maslahar yaron gaba da komai. A kowace daga cikinsu takardun da ake nema kusan ɗaya ne: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, katin asibiti da na rigakafi, sakamakon makaranta da rasit ɗin kuɗinta, da abin da ke nuna samun uban, domin alƙali yana yanka ciyarwa ne gwargwadon hali. Takardar rantsuwar shekaru da aka yi bayan an fara rigima ba ta kai nauyin takardar haihuwar da aka yi tun yaron yana goye ba.

A gado, kafin a raba komai sai an tabbatar da rasuwar, da cikakken jerin magada, da cewa dukiyar ta mamacin ce, sannan a fitar da bashi da wasiyya, wadda ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku kuma ba a yi wa magaji. Wata rigimar da ake yawan samu ita ce ta kyauta: ɗa ko mata su ce marigayi ya ba su gida ko gona tun yana raye. Takarda kaɗai ba ta isa a nan ba, sai an nuna hauzi, wato wanda aka bai wa ya karɓi abin ya shiga hannunsa kafin mai kyautar ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Shaidun da suka ga yana noma gonar ko yana karɓar hayar gidan sun fi takardar da aka tsinta a akwati bayan sadakar uku.

Masu auren rajista

Ga mai neman raba auren rajista, takardar auren ita ce farkon abin da ake haɗawa da ƙara. Idan ta ɓace, ana neman kwafin da ofishin rajistar ya tabbatar da hatimi da sa hannun jami'i, domin takardun hukuma ba a karɓar hotonsu na shago. Dalili ɗaya ne dokar 1970 ta sani, wato auren ya lalace ba zai gyaru ba, kuma ana nuna shi da ɗaya daga cikin abubuwan da sashe na 15 ya lissafa, kamar ƙaurace wa abokin zama na shekara ɗaya, ko zama a rabe na shekara biyu idan ɗayan bai ƙi ba, ko na shekara uku. Ba a shigar da ƙara kafin auren ya shekara biyu sai da izinin kotu, in ban da wasu keɓaɓɓun dalilai. Saboda lissafin shekarun nan, rasit ɗin haya da wasiƙun da ke nuna ranar da aka rabu suna da muhimmanci. Wannan shari'ar tana da wuya ba tare da lauya ba, kuma marasa hali suna iya tuntuɓar Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Ranar zama da bayanta

Asalin takarda yana zama a hannun mai ita har sai kotu ta nema, kuma ya kamata a yi kwafi kafin a miƙa. Wanda ba ya karatu kada ya dangwala yatsa a kan takardar rantsuwa ko ta sulhu sai an karanta masa ita da harshen da yake ji, an kuma rubuta cewa an yi hakan. Yarjejeniyar da aka cimma a zauren sulhu ko gaban hisba tana ƙara ƙarfi idan aka kai ta kotu ta zama hukunci, domin a lokacin ne ake iya tilasta cika ta.

Kafin alƙalin shari'a ya yanke hukunci akwai i'izari, inda yake tambayar wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko suka a kan shaidu. Mutane da yawa suna amsa babu saboda gajiya ko kwarjinin kotu, alhali wannan ce damarsu ta ƙarshe ta neman a ɗaga zama su kawo wanda bai samu zuwa ba. Rashin yin i'izari yana cikin dalilan da kotunan sama ke rushe hukunci saboda su. Kotun sama kuma galibi ba ta sake sauraron shaidu, abin da aka rubuta a kundin ƙaramar kotu take dubawa, don haka takardar da aka nuna wa alƙali amma ba a karɓa aka rubuta ta ba kamar ba a kawo ta ba ne. Wanda ke da niyyar ɗaukaka ƙara ya nemi kwafin shari'a da na hukunci daga rajistara tun ranar da aka yanke, ya kuma tambayi wa'adin da doka ta ba shi, wanda a ƙananan kotuna galibi kwana 30 ne, domin bayan ya wuce sai an nemi izini na musamman tare da bayyana dalilin jinkirin.